Ogustin na Hippo, malamin da ya auna mulki da adalci

An haifi Ogustin ran 13 ga watan Nuwamba na shekara ta 354 a garin Tagast, wanda yau ake kira Suk Ahras, cikin ƙasar Aljeriya. A zamanin nan arewacin Afirka yana hannun Rumawa. Uwarsa Monika kirista ce. Ubansa kuwa bai karɓi addinin ba sai gab da rasuwarsa.

Ya yi karatu a Kartaj, ya koyar da balaga can, sa'an nan a Roma da Milan. Wajen shekara tara yana bin aƙidar Mani, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Wa'azin Ambruwaz, bishop na Milan, shi ya karkato da shi ga Littafi Mai Tsarki, aka yi masa baftisma a 387. Da ya komo Afirka, a 391 aka naɗa shi limamin majami'a a Hippo, wato Annaba ta yanzu. Bayan ƴan shekaru ya zama bishop. A koyarwarsa, ceto alherin Allah ne, ƙoƙarin mutum kaɗai ba ya kai shi gare shi.

A 410 mayaƙan Alarik suka washe birnin Roma. Waɗansu suka ɗora wa kiristoci laifi, wai su suka sa aka bar gumakan kakanni. Ogustin ya amsa da littafinsa Birnin Allah, mai kashi 22, wanda ya fara a 413, ya kammala wajen 426. A ciki ya nuna daula ba ta dawwama, kuma mulkin da ya rasa adalci bai bambanta da taron ƴan fashi ba sai da girma.

Shi kansa ya ɗanɗana nauyin hukunci. Yakan wuni yana raba gardamar mutane, yakan rubuta wa gwamnoni yana roƙo kada a kashe masu laifi. Duk da haka ya yarda hukuma ta tilasta wa mabiyan Donat, da suka ware, su komo cikin ikkilisiya. Wannan mataki har yau masana suna zarginsa a kai.

Ya rasu ran 28 ga watan Agusta na 430, yana da shekara 75, mayaƙan Bandal kuwa sun kewaye Hippo. Daular Rumawa ta yamma ba ta yi shekara hamsin bayansa ba ta rushe, amma littattafansa ana karatunsu har gobe.