Leo Fender, Akawun Da Ya Zama Maƙerin Jita

An haifi Leo Fender ran 10 ga Agusta 1909 a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, iyayensa manoman lemo ne. Yana ɗan shekara 8 ya rasa idonsa na hagu, aka sa masa na gilashi. Lissafin kuɗi ya koya a makaranta, ya yi aikin akawu har zamanin da kasuwa ta faɗi a Amurka, aka rage ma'aikata, aka sallame shi. Cikin 1938 ya buɗe wurin gyaran rediyo a garin Fullerton, makaɗa suka riƙa kawo masa lasifikokinsu, da haka ya shiga sha'aninsu. Abin mamaki kuwa, har ya bar duniya bai iya kaɗa jita ba.

Ba shi ya fara jitar lantarki ba, amma shi ya sa ta yi araha ta yawaita. Cikin 1950 ya fito da wadda aka sa wa suna Telecaster daga baya, sa'an nan cikin 1954 ya fito da Stratocaster. Jikinsu katako ne zalla, ba rami kamar ƙwaryar garaya, saboda haka amonsu duka ya dogara ga wani ɗan abu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda za mu kira kunne. Ƙusoshin maganaɗisu ne guda 6 a jere, an naɗe su da siririyar wayar jan ƙarfe wajen sau 8,000. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza bisa ƙusarta, sai lantarki kaɗan ya taso cikin wayar, a ƙarfafa shi ya fita ta lasifika.

To, ga inda wuyar take. Tsirkiyoyi ba su tafiya daidai wa daida. A matse suke can wajen kan jita, suna ƙara buɗewa har su iso jaki, watau abin da ke tallafe su a gindi. In ƙusa ta kauce wa tsirkiyarta ƙwarai, amon wannan tsirkiya zai raunana, na sauran ya danne shi, makaɗi ya yi ta ɗora wa yatsunsa laifi. Jakin Fender ya fi na kamfanin Gibson faɗi. Don haka wanda ya ɗauko kunnen Gibson, mai tazarar milimita 49 ko 50 tsakanin ƙusar farko da ta ƙarshe, ya sa shi kusa da jakin Fender, zai ga tsirkiyoyin gefe sun zarce ƙusoshinsu. Masu ƙira suka yi wani mai milimita 52 ko 53 don wannan, suna sa masa alamar harafin F.

Fender bai tsaya ga tazara kaɗai ba. A kunnen Stratocaster ya bambanta tsawon ƙusoshin, tsirkiya mai ƙarfin amo ya rage wa ƙusarta tsawo, mai rauni ya ƙara. Awonsa ya yi daidai da tsirkiyoyin zamaninsa. Da makaɗa suka sake irin tsirkiya ta uku bayan 'yan shekaru, sai ta zo ta fi sauran ƙara, gama ƙusarta ba ta san an yi canji ba.

Dabarar da muka fi yaba masa ita ce ta 1957. Jitarsa mai babbar murya, Precision Bass, da fari ƙusa ɗaya take da ita ƙarƙashin kowace tsirkiya, bugun farko kuwa yakan fito da kaifi har ya wahal da lasifika. Sai ya ba kowace tsirkiya ƙusa 2, ta ratsa tsakaninsu, amon ya yi taushi, ko ta karkata hagu ko dama akwai mai jinta. Wannan, a ganinmu, aikin mutum ne mai sauraron kukan masu amfani da kayansa.

Cikin 1965 ya sayar wa CBS kamfaninsa a kan dala miliyan 13, don yana fama da rashin lafiya. Da ya warke ya koma sana'a, daga bisani shi da tsohon abokin aikinsa George Fullerton suka kafa G&L. Ciwon karkarwa ya kama shi da tsufa, duk da haka bai daina zuwa wurin aiki ba, har ya rasu a Fullerton ran 21 ga Maris 1991, yana da shekara 81.