Labarin Yohanna Newton, Mai Fataucin Bayi

An haifi Yohanna Newton a birnin Landan, a ƙasar Ingila, cikin shekara ta 1725. Uwarsa mace ce mai tsoron Allah, ta koya masa karatun Littafi Mai Tsarki, amma ta rasu tun bai cika shekara bakwai ba. Ubansa shugaban jirgin ruwa ne. Da yaron ya kai shekara goma sha ɗaya sai ya bi shi cikin teku, can kuwa ya watsar da koyarwar uwarsa, bakinsa ya cika da saɓo da ashar.

Aka kama shi tilas aka sa shi aikin jirgin yaƙi. Ya gudu, aka komo da shi, aka yi masa bulala a gaban jama'a. Daga nan ya koma jirgin masu fataucin bayi, har ya sauka a wani tsibiri kusa da Saliyo, yana bara wurin wani Bature mai sayen mutane. Ciwo ya kwantar da shi, matar maigidan ta wulakanta shi, ta bar shi da yunwa. Waɗanda suka ji tausayinsa su ne bayin da ke cikin mari, gama su suka riƙa rage ɗan abincinsu suna ba shi a ɓoye.

Cikin watan Maris na 1748, yana kan hanyar komawa Ingila, hadari mai tsanani ya faɗa wa jirginsu, ruwa ya yi ta shiga, suka fid da zuciya ga rai. A nan ne mai saɓon nan ya roƙi jinƙan Ubangiji, jirgin kuwa ya iso gaɓar Ailan da ƙyar.

Ya mai karatu, kada ka yi tsammani labarin ya ƙare ke nan. Newton ya bar zagi, ya kama addu'a, amma bai bar cinikin mutane ba. Daga 1750 zuwa 1754 sau uku ya ja jirgin bayi, shi ne shugaba. Yana karanta Maganar Allah a ɗakinsa, ƙarƙashin ƙafafunsa kuwa ga 'ya'yan mutane a ɗaure cikin duhu da wari, waɗansu suna mutuwa ana jefa su cikin teku. Ba za mu rufe wannan ba, gama shi da kansa bai rufe ba; daga baya ya shaida cewa a lokacin nan bangaskiyarsa ba ta cika ba tukuna. Ba ma tuba ce ta raba shi da teku ba, ciwo ne ya buge shi farat ɗaya.

Amma alherin Allah bai sake shi ba. Ya zauna a Libapul yana aikin kwastan, yana koyon Helenanci da Ibrananci. A 1764 aka naɗa shi mai hidimar ikilisiya a Olney, garin matalauta. Shekara goma sha shida yana shiga gidajensu, yana tara yara yana koya musu, yana kuma jiyyar abokinsa William Cowper, wanda ciwon baƙin ciki ya addaba. Tare suka buga littafin waƙoƙin sujada a 1779, a ciki akwai Amazing Grace.

Aka mai da shi Landan. A 1785 wani saurayi ɗan majalisa, William Wilberforce, ya zo neman shawararsa, yana so ya bar majalisa domin ya bi Almasihu. Newton ya gargaɗe shi ya tsaya, ya bauta wa Allah a inda yake. Sa'an nan a 1788, bayan shiru na shekara talatin da huɗu, wanda ya yi tsawo ƙwarai, tsohon ya buga ɗan littafi ya tona muguntar fataucin bayi, ya sa kansa cikin masu laifin, aka aika wa 'yan majalisa. Ya kuma tsaya gaban mahukunta ya ba da shaidar abin da idonsa ya gani.

A watan Maris na 1807 majalisar Ingila ta hana fataucin bayi cikin jiragenta. Newton ya riga ya makance, ƙarfinsa ya ƙare, amma labarin ya iske shi da rai. Ya rasu ran 21 ga Disamba na shekaran nan, yana da shekara tamanin da biyu.