Sarauniya Amina Ta Zazzau, Wadda Sarkin Nupe Ya Aiko Wa Goro Dubu Goma

A wannan fitowa za mu bar ƙasar Daura mu nausa kudu zuwa Zazzau, mu duba rayuwar wata mace da kowa ya san sunanta, amma kaɗan ne suka san abin da takobinta ya jawo wa ƙasar Hausa.

Mu mutanen Daura ai mulkin mace ba baƙon abu ba ne a kunnenmu, tun da mun tashi da labarin Magajiya Daurama. A wannan labarin dai aka ce da 'ya'yan Bawo suka raba aiki, Daura da Katsina suka zama sarakunan kasuwa, Kano da Rano sarakunan baba, Gobir sarkin yaƙi, ita kuwa Zazzau da ke can bakin kudu aka kira ta sarkin bayi. Ki riƙe wannan suna, za ki ga amfaninsa a gaba.

Mutanen Zazzau sun ce Amina 'yar Bakwa Turunku ce, wadda ta hau mulki wajen 1536, kuma ƙanwarta ce Zariya da aka sa wa birnin sunanta. A wannan ruwaya, Amina ta fara fita yaƙi ne a zamanin ɗan uwanta Karama, ta gaje shi wajen 1576. Shi kuwa tsohon littafin nan na Tarihin Kano ya kai ta baya da fiye da shekara ɗari, ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato 1421 zuwa 1438. Ko ma dai wane aka ɗauka, Tarihin Kano ya ce shekara 34 ta yi tana cin garuruwa, har ta kai Kwararrafa da Nupe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, inda ya nuna har Kano da Katsina sai da suka riƙa kai mata haraji.

To, me take nema da duk wannan yawo? Kin ga, mai cin ƙasa a wancan zamani ba ya da ma'aikatan da zai zuba a kowane gari. Abin da yake so shi ne sarkin garin ya rusuna, ya riƙa aiko da gaisuwa, hanya kuma ta buɗe wa fatake. Zazzau tana zaune a tsakanin biranen arewa masu dawaki da gishiri da tufafi, da ƙasashen kudu masu goro da bayi. Wanda ya riƙe tsakiyar nan, kowa sai ya bi ta hannunsa. An ce duk inda ta yada zango sai ta kewaye shi da ganuwa, shi ya sa har yau ake kiran tsofaffin ganuwoyi da dama ganuwar Amina. Ganuwa kuwa ba mayaƙa kaɗai take karewa ba, har da ayarin da zai sauke kaya ya kwana.

Wannan dabara ta girmi Amina nesa ba kusa ba. Fir'aunan Masar Tutmos na Uku, bayan ya ci yaƙin Magiddo a ƙasar Sham wajen shekara 1457 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bai tsige sarakunan wurin duka ba. Barinsu ya yi a kan gadonsu suna aiko da haraji, ya kwashi 'ya'yansu ya kai Masar aka rene su a fada. Kafin shi kuma wata sarauniya, Hatshafsut, ta tura jiragen ruwa biyar ƙasar Funt suka dawo mata da turaren wuta, har da itatuwansa da saiwarsu.

Ita ma Amina an rubuta abin da ya zo mata. Sarkin Nupe ya aiko da goro 10,000 da babanni 40, kuma Tarihin Kano ya ce ita ce ta fara samun waɗannan biyu a ƙasar Hausa, a zamaninta ne kuma kayan yamma suka shigo. Goron nan da ba a neman aure ko raɗin suna sai da shi, ashe ta hanyar haraji aka ce ya fara iso mana. Nupe kuwa ta daɗe da suna a goro, don laɓuje da tsofaffinmu ke yabo daga can yake.

Amma fa 'yar uwa, masu ba da labarin nan sukan tsaya a kan goro su tsallake ɗaya rabin gaisuwar. Babanni bayi ne maza da aka fiɗiye, galibi tun suna yara, domin su tsare cikin gidan sarki. Mutum arba'in ke nan aka lissafa su tare da goro kamar kayan lefe. Kowannensu wata ce ta ɗauki cikinsa wata tara, ta goya shi, ta yaye shi. Ni dai in ana zuzuta jaruntakar Amina a gaban yara, nakan so a ambaci waɗannan ma, don sunan sarkin bayi ba a banza Zazzau ta same shi ba.

Akwai kuma zancen da ake yayatawa, wai duk garin da ta ci sai ta zaɓi namiji ɗaya, gari na wayewa ta sa a kashe shi. Wannan ba ya cikin Tarihin Kano, ba ya cikin littafin Bello, saboda haka ba zan ɓata miki takarda a kansa ba. Mace in ta yi fice, baki ba ya barinta, ko da rai ko ba rai.

An sa wa kwalejin 'yan mata ta Kaduna sunanta, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello. Ita kanta ba a Zazzau ta cika ba. Bello ya ce a Atagara ajali ya riske ta, wurin da masana suka ce yana kusa da Idah a Jihar Kogi ta yanzu, tafiyar kwanaki masu yawa daga gidan su.