Hideki Tojo, Sojan da Ya Jagoranci Japan Zuwa Yaƙi

An haifi Hideki Tojo a birnin Tokyo ranar 30 ga Disamba, 1884. Gidansu gidan soja ne, domin mahaifinsa, Hidenori Tojo, ya kai muƙamin laftanar-janar. Tun yana yaro aka sa shi makarantar horar da sojoji, ya zama hafsa a 1905, shekarar da Japan ta ci Rasha da yaƙi. Ya kammala kwalejin manyan hafsoshi a 1915, daga baya kuma ya yi aiki na 'yan shekaru a Turai, musamman a Jamus.

Ba a shaide shi da wata basira ta musamman ba. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ƙwazo da bin umarni. Ba ya barin aiki ya kwana, kuma yakan rubuta komai a ɗan littafin da yake yawo da shi. Saboda saurin yanke hukunci, abokan aikinsa suka yi masa laƙabi da Kamisori, wato reza.

A 1935 aka tura shi Manchuriya, wani yanki na ƙasar Sin da Japan ta mamaye tun 1931, ya shugabanci 'yan sandan soja. Bayan shekara biyu ya zama shugaban hafsoshin rundunar da ke can, a daidai lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Sin. A 1940 aka naɗa shi ministan soja, ya kuma goyi bayan ƙawancen da Japan ta ƙulla da Jamus da Italiya.

Shekarar 1941 ce ta fi kowace muhimmanci a rayuwarsa. Japan ba ta da isasshen man fetur nata, mafi yawan wanda take amfani da shi daga Amurka take saye. Da sojojin Japan suka ƙara kutsawa kudu maso gabashin Asiya, sai Amurka ta daina sayar mata da man, ta kuma nemi ta janye sojojinta daga Sin. Firayim Minista Konoe ya so a sasanta. Tojo ya ƙi. A ganinsa, janyewa na nufin jinin da aka zubar cikin shekara huɗu ya tafi a banza. Konoe ya yi murabus, aka ba Tojo kujerar ranar 18 ga Oktoba. Abin mamaki shi ne, mashawartan Sarki Hirohito sun zaɓe shi ne da fatan zai iya ja wa sojoji linzami, tunda sun san biyayyarsa ga Sarki. Sarkin ya umarce shi ya sake nazarin batun yaƙin. Ya sake kuwa, amma bai sauya ra'ayi ba. Ranar 7 ga Disamba jiragen Japan suka kai hari kan sansanin Amurka na Pearl Harbor a Hawai.

Cikin wata shida Japan ta kame Malaya da Singafo da Filifin da Indunusiya da Bama. A can Bama ne daga baya sojojin Nijeriya suka gwabza da Japanawa a ƙarƙashin tutar Ingila. Mutanen ƙasashen da aka mamaye sun sha baƙar wuya. Wajen shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Tailan zuwa Bama kaɗai, fursunonin yaƙi kimanin 12,000 suka mutu, tare da dubun dubatar leburorin Asiya.

Akan kwatanta Tojo da Hitler, sai dai ikonsu ba ɗaya ba ne. Sojojin ruwa ba sa ƙarƙashinsa, sama da shi kuma akwai Sarki. Ya yi ta tara wa kansa muƙamai, har a 1944 ya haɗa da shugabancin hafsoshin sojan ƙasa. Yakan ma fita da sassafe ya leƙa kwandunan shara don ya ga abin da talakawa ke ci. Mutum ne mai lura da ƙananan abubuwa, amma babban lissafin ya kuɓuce masa: masana'antun Amurka sun fi ƙarfin na Japan nesa ba kusa ba. Bayan faɗuwar tsibirin Saipan, inda jiragen Amurka za su iya tashi su kai Tokyo, manyan ƙasa suka juya masa baya. Ya sauka daga mulki a watan Yuli na 1944.

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945. Ranar 11 ga Satumba, da sojojin Amurka suka zo kama shi, ya harbi kansa a ƙirji, amma likitocinsu suka ceto shi. A gaban kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Tokyo ya ɗauki alhakin yaƙin, ya yi ƙoƙarin wanke Sarki, wanda ba a gurfanar da shi ba. An yanke masa hukuncin kisa ranar 12 ga Nuwamba, 1948, aka rataye shi a kurkukun Sugamo ranar 23 ga Disamba, saura mako guda ya cika shekara 64. A 1978 aka sa sunansa cikin mamatan da ake girmamawa a wurin ibada na Yasukuni, kuma har yau Sin da Koriya kan nuna fushinsu duk sa'ad da wani shugaban Japan ya ziyarci wurin.