Christian Konrad Sprengel (1750–1816): Malamin da Ya Karanci Furannin Jeji

An haifi Christian Konrad Sprengel a garin Brandenburg na ƙasar Jamus a shekarar 1750. Ya karanci ilimin tauhidi a Jami'ar Halle, kuma a 1780 aka naɗa shi shugaban wata makaranta a Spandau. A can ne wani likita, Ernst Ludwig Heim, ya cusa masa sha'awar tsirrai.

A 1787, yana nazarin furen wata ciyawar daji, Geranium sylvaticum, sai ya lura da 'yan siraran gasu a cikinsa. Ya fahimci cewa suna kare ruwan zaƙin furen ne daga ruwan sama, domin amfanin ƙwari. Daga nan ya duƙufa bin furannin jeji ɗaya bayan ɗaya, yana tantance kowanne tare da ƙwaron da ke ziyartarsa. Ya nuna cewa launi da ƙamshi kira ne ga ƙudan zuma, ɗigo-ɗigon da ke jikin fure kuwa jagora ne zuwa ga zaƙin, kuma ta wannan zirga-zirga ake barbarar tsirrai.

Littafinsa na 1793, mai bayanin tsirrai sama da 400, bai samu karɓuwa ba. A 1794 aka sauke shi daga muƙaminsa bisa zargin sakaci da aiki. Ya koma Berlin, inda ya rayu har rasuwarsa a 1816.

Sai a 1841 Charles Darwin ya karanta littafin, ya gina nasa binciken a kansa, duniya ta san darajar Sprengel.