Sam Cooke: Mawaƙin da ya nemi mallakar muryarsa

Masana tarihin kiɗa a Amurka kan sanya Sam Cooke a sahun farko na waɗanda suka samar da salon Soul, wato kiɗan baƙar fata da ya gauraya waƙoƙin coci da kiɗan Blues.

Bai cika shekaru takwas yana waƙoƙin duniya ba ajali ya cim masa. Sai dai a wannan ɗan lokaci ya yi abin da mawaƙa baƙar fata ƙalilan ne suka iya: ya dage sai ya mallaki waƙoƙin da ya tsara, a zamanin da kamfanoni kan sallami mawaƙi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su riƙe sauran.

An haifi Samuel Cook ne ranar 22 ga watan Janairun 1931 a garin Clarksdale na jihar Mississippi, yankin gonakin auduga da ake ɗauka a matsayin mahaifar kiɗan Blues. Shi wannan kiɗa ba baƙo ba ne sosai ga kunnen Bahaushe, domin masani Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya alaƙanta shi da kaɗe-kaɗen yankin Sudan ta Yamma, har da gogen Hausawa.

Mahaifinsa limamin coci ne, kuma a 1933 ya kwashe iyalinsa zuwa Chicago. A can Sam ya fara waƙa tare da 'yan uwansa. Yana da shekaru 19 ya zama jagoran Soul Stirrers, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin waƙoƙin addinin Kirista na lokacin.

A tsakanin mabiya irin waɗannan ƙungiyoyi, barin waƙar addini zuwa ta soyayya abin kunya ne. Shi ya sa ya fitar da waƙarsa ta farko da sunan aro, Dale Cook, amma muryar ta tona asirinsa. A 1957 ya fito fili da waƙar You Send Me, wadda ta zo ta ɗaya a jadawalin mujallar Billboard, tsakanin farar fata da baƙar fata baki ɗaya. A lokacin ne ya ƙara harafin "e" a ƙarshen sunansa.

Daga nan waƙoƙi suka yi ta biyo baya: Wonderful World da Chain Gang a 1960, shekarar da ya koma kamfanin RCA, sai Cupid a 1961, da Bring It On Home to Me a 1962.

Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa dai ba a kan dandali yake ba. Tare da amininsa J.W. Alexander ya kafa KAGS domin riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙinsa, da kuma kamfanin buga faifai na SAR, inda ya ɗauki matasa irin su Bobby Womack da Johnnie Taylor. Ya fahimci cewa kuɗin waƙa ba a tafin 'yan kallo yake ba, yana hannun wanda sunansa ke kan takarda. Wannan dai magana ce da mawaƙan Kano, waɗanda suka daɗe suna kuka da masu satar fasaha, ba sa buƙatar a fassara musu.

Ga mai son sanin ko wane ne Sam Cooke, faya-fayai biyu ya kamata ya saurara a jere.

Na farko an ɗauke shi ne ranar 12 ga watan Janairun 1963 a gidan rawa na Harlem Square da ke unguwar baƙar fata a Miami. A ciki muryarsa ta yi kaushi, yana jan jama'a suna amsa masa kamar mai wa'azi. Kamfanin RCA ya ga abin ya yi zafi da yawa ga mutumin da ake tallata wa farar fata a matsayin mawaƙi mai laushi, sai ya ajiye faifan. Bai fito ba sai a 1985, shekaru 22 bayan ɗaukarsa.

Na biyu shi ne Sam Cooke at the Copa, na watan Yulin 1964, a gaban attajiran New York. Nan kuma komai a tsare yake, cikin ladabi da taka-tsantsan. Wannan ne aka fitar nan take. Mutum ɗaya ne, amma sai ka rantse biyu ne, kuma babu shakka na Miami ya fi rai.

Akwai kuma Night Beat na 1963, wanda ya yi da makaɗa 'yan kaɗan, cikinsu har da Billy Preston mai shekaru 16. Da yawa na ganin shi ne mafi kammala cikin ayyukansa.

Shekarar 1963 ta zo masa da nauyi. A watan Yuni ɗansa Vincent, mai watanni 18, ya nitse a wurin ninƙaya na gidansu. A watan Oktoba wani otal a Shreveport ta jihar Louisiana ya hana shi masauki saboda launin fatarsa, kuma da ya ɗaga murya 'yan sanda suka kama shi.

Watanni uku bayan haka, ranar 30 ga Janairun 1964, ya ɗauki A Change Is Gonna Come, wadda ta fito a faifan Ain't That Good News, ta kuma zama taken masu fafutukar 'yancin baƙar fata.

A wannan lokaci ya shaƙu da Malcolm X da ɗan dambe Cassius Clay. Yana Miami ranar 25 ga Fabrairun 1964 lokacin da Clay ya doke Sonny Liston, kuma a daren suka keɓe a masaukin Hampton House tare da ɗan wasa Jim Brown. Kwanaki kaɗan bayan haka duniya ta san Clay da sunan Muhammad Ali. Shi kuwa Cooke bai bar addinin mahaifinsa ba.

Ranar 11 ga watan Disambar 1964 aka harbe shi har lahira a wani ƙaramin masauki mai suna Hacienda a Los Angeles, yana da shekaru 33. Manajar wurin, Bertha Franklin, ta ce ya kutsa ofishinta a fusace yana neman wata mata da suka zo tare, ya kuma far mata. Kwamitin binciken musabbabin mutuwa ya yarda cewa kare kanta ta yi, amma danginsa ba su taɓa amincewa da wannan bayani ba. Bayan watanni biyu aka kashe Malcolm X.

Cooke bai bar wasiyya ba. Shekara guda kafin rasuwarsa, akanta Allen Klein ya samo masa yarjejeniya da RCA ta hanyar wani sabon kamfani mai suna Tracey, sunan 'yarsa. Daga baya ta bayyana cewa Klein ne ke riƙe da kamfanin, kuma haƙƙin akasarin waƙoƙin ya koma hannun kamfaninsa na ABKCO.

Otis Redding ya maimaita uku daga waƙoƙinsa a faifan Otis Blue na 1965, Aretha Franklin kuma biyu a I Never Loved a Man the Way I Love You na 1967. Ko a 2015, da Leon Bridges ya fitar da Coming Home, da Cooke aka riƙa kwatanta shi.

A watan Yunin 2019 magajin garin Shreveport, Adrian Perkins, ya nemi afuwar iyalinsa kan abin da ya faru a otal ɗin, shekaru kusan 56 bayan kama shi.