Fela Anikulapo-Kuti (1938–1997): Makaɗi Tsakanin Neman Suna da Kare Mutuncin Sana'a

1.0 Gabatarwa

A tsarin kiɗa da waƙa na gargajiya, makaɗi yakan rayu ne a inuwar ubangida, wanda zai ciyar da shi, ya tufatar da shi, shi kuma ya saka masa da yabo. Zuwan garmaho da rediyo ya kawo wani sabon ubangida, wato kamfanin faifai, tare da wani ma'aikaci da ake kira furodusa. Furodusa shi ne mai tsara yadda za a ɗauki waƙa a situdiyo. Shi ke zaɓen waƙar da za a naɗa, da kayan kiɗan da za a sa mata, da tsawonta, da irin sautin da zai fito a faifai. Duk wanda ya riƙe wannan matsayi yana da zaɓi biyu a gabansa: ko dai ya tsara kiɗa yadda kasuwa take so domin ya yi suna ya tara dukiya, ko kuma ya tsara shi yadda basirarsa ta nuna masa, ko da ciniki zai ragu. Wannan babi ya kawo tarihin Fela Anikulapo-Kuti, makaɗi Bayarabe wanda ya haɗa waƙa da shugabancin ƙungiyar makaɗa da tsara mafi yawan faifansa da kansa. An zaɓe shi ne saboda ya ɗanɗana hanyoyin nan biyu, kuma kowace ta bar masa tabo.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Fela a garin Abekuta ranar 15 ga Oktoba, 1938, a gidan Ransome-Kuti, gidan da ya yi fice wajen ilmin boko da aikin coci. Mahaifinsa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin cocin Angilika ne, shugaban makarantar sakandare ta Abekuta, kuma shi ne shugaba na farko na Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya. Mahaifiyarsa, Funmilayo, ita ta jagoranci matan Abekuta wajen bijire wa harajin da aka ɗora musu, gwagwarmayar da ta sa Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a 1949. Kakansa na wajen uba kuwa mawaƙin coci ne da aka naɗi waƙoƙinsa na Yarbanci a faifai a Landan tun a shekarun 1920. Ke nan Fela ya gaji kiɗa, ya kuma gaji tsayuwa a kan ra'ayi.

'Yan'uwansa biyu, Olikoye da Beko, likitanci suka karanta. Shi kuwa da ya tafi Landan a 1958, sai ya shiga Kwalejin Kiɗa ta Trinity, inda ya koyi busa ƙaho da ƙa'idojin tsara kiɗa a rubuce. A can ya kafa ƙungiyarsa mai suna Koola Lobitos.

3.0 Shekarun Neman Suna

Fela ya dawo gida a 1963, ya kama aiki a gidan rediyon tarayya da ke Legas a sashen shirya shirye-shirye, amma hankalinsa na wajen kiɗa. A wancan zamani kiɗan hayilaif ne ke tashe a biranen Afirka ta Yamma. Fela ya cakuɗa shi da kiɗan jaz na Baƙaƙen Amurka, ya cika shi da gwaninta wadda masana ke yabawa, amma masu zuwa rawa ba su damu da ita ba. Ana cikin haka sai wani makaɗi ɗan Saliyo, Geraldo Pino, ya sauka Legas da kayan kiɗa na zamani masu ƙarfin amo, yana kwaikwayon salon James Brown na Amurka. Nan da nan ya kwashe 'yan kallo, ya bar makaɗan gida suna cizon yatsa.

Wannan abu ya tsaya wa Fela a rai. Ya tafi Gana neman mafita, ya kuma raɗa wa kiɗansa sabon suna, wato Afrobeat, domin ya bambanta shi da na sauran. A 1969 ya ɗebi makaɗansa zuwa Amurka, yana ganin a can suna da arziki suke. Sun shafe kimanin wata goma, mafi yawansu a birnin Los Anjalis, suna kiɗa a ƙananan gidajen rawa, ga rashin kuɗi, ga matsalar takardun zama. Ta fuskar ciniki tafiyar ba ta haifar da ɗa mai ido ba.

Amma a can ne ya haɗu da wata Ba'amurkiya baƙar fata, Sandra Smith, mai bin gwagwarmayar 'yancin Baƙaƙe. Ita ta haɗa shi da rubuce-rubucen da suka shafi Malcolm X da tarihin Afirka, ta kuma nuna masa cewa waƙoƙinsa ba su ɗauke da wani saƙo da ya shafi rayuwar mutanensa. Mutumin da ya ƙetare teku yana neman karɓuwa a wajen baƙi sai ya dawo gida a 1970 da niyyar yin kiɗan da zai yi magana da 'yan Afirka.

4.0 Salon Kiɗansa da Dokokin da Ya Kafa wa Kansa

Da dawowarsa ya sake wa ƙungiyar suna, ta zama Africa 70. Ya gina kiɗan a kan ganguna, a ƙarƙashin gwanin makaɗi Tony Allen, ya jera jita biyu ko uku kowace tana maimaita nata zubin, ya ɗora musu kayan busa, sannan ya sa 'yan amshi mata. Tsarin jagora da 'yan amshi abu ne da ɗalibin waƙar baka ta Hausa ya saba da shi. Ya kuma koma yin yawancin waƙoƙinsa da Turancin buroka, domin talakan Legas da na Akara da na Duwala su fahimce shi. Waƙar Jeun Ko Ku ta 1971 ita ta fara ɗaga shi, kuma a wannan shekara ya naɗi faifai a situdiyon Abbey Road da ke Landan. Sunan da ya yi ta bi a guje bai same shi ba sai da ya daina kwaikwayo.

Da suna ya samu, sai ya kafa wa kansa wasu dokoki waɗanda suka saɓa wa al'adar kasuwar faifai. Na farko, tsawon waƙa. Gidajen rediyon Turai da Amurka sun fi son waƙar minti uku ko huɗu, shi kuwa waƙarsa guda takan cinye fuskar faifai sukutum, minti 12 zuwa 15, wata ma ta haura zuwa ɗaya fuskar. Sau da yawa akan daɗe ana kiɗa zalla kafin ya buɗe baki. Na biyu, yakan yi ta kaɗa sabuwar waƙa a gidan rawarsa mai suna Shrine har ta nuna, sannan ya naɗe ta, kuma da zarar ta fita a faifai ya daina kaɗa ta a bainar jama'a. Wannan ya hana shi abin da sauran makaɗa ke ci da shi, wato maimaita waƙoƙin da 'yan kallo suka riga suka sani. Na uku, bai yarda a sassauta kalmominsa ba, yakan ambaci masu mulki da manyan attajirai da sunayensu.

Domin kada kowa ya juya shi, ya mayar da gidansa na unguwar Mushin wata ƙaramar al'umma mai makaɗa da situdiyo da ɗakin shan magani, ya kira ta Jamhuriyar Kalakuta. A 1975 ya jefar da sunan Ransome, wanda ya ɗauka sunan bauta ne, ya ɗauki Anikulapo, ma'ana wanda ke riƙe da mutuwa a cikin jakarsa.

5.0 Abin da Tsayuwar Ta Jawo Masa

A 1976 ya fitar da faifan Zombie, inda ya siffanta sojoji da masu bin umarni ba tare da tunani ba. A farkon 1977 ya ƙaurace wa bikin al'adun Baƙaƙe na duniya, FESTAC, da gwamnati ta shirya a Legas, ya riƙa nasa wasan a Shrine, manyan baƙi suna tururuwa zuwa can. Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, sojoji kimanin 1,000 suka afka wa Kalakuta, suka lakaɗa wa mazauna gidan duka, suka ƙone shi tare da kayan kiɗa da kaset-kaset na asali. An jefo mahaifiyarsa daga tagar bene, ta yi jinya har ta rasu a watan Afrilu na 1978. Binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan sojojin da ba a san ko su waye ba.

Bayan wannan ta'asa dangantakarsa da kamfanin Decca ta lalace, domin kamfanin ya ja da baya ga fitar da waƙoƙinsa masu zafi, ga kuma saɓani kan kuɗi. Fela ya fitar da faifan Sorrow Tears and Blood a ƙarƙashin nasa tambarin, Kalakuta Records.

A shekarun 1980 kasuwar duniya ta buɗe masa ƙofa. Bob Marley ya rasu a 1981, kamfanoni suna laluben wani tauraro daga ƙasashe masu tasowa. Bature Rikki Stein, wanda ya yi masa manaja, ya bayar da labarin cewa kamfanin Motown na Amurka ya yi masa tayin yarjejeniya ta kusan dala miliyan ɗaya, Fela ya ƙi sa hannu bayan ya yi shawara da mai duba da yake amincewa da shi. Ko mene ne dalilinsa na ɓoye, abin ya yi daidai da halinsa na gudun shiga hannun wani, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Misalin da ya fi fito da matsalar a sarari shi ne na faifan Army Arrangement. A watan Satumba na 1984 an kama Fela a filin jirgin saman Legas yana shirin tafiya wasa Amurka, aka tuhume shi da saɓa dokar fita da kuɗin ƙasashen waje, aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyar. Yana tsare sai aka miƙa kaset ɗin faifan ga wani furodusa ɗan Amurka, Bill Laswell. Shi kuma ya sake haɗa sautin, ya cire wasu sassa, ya gayyato baƙin makaɗa suka ƙara nasu, domin kiɗan ya dace da kunnen masu saye a Turai da Amurka. Kamfanin Celluloid ya fitar da shi a 1985. Fela ya nuna matuƙar ɓacin ransa da wannan aiki, kuma daga baya an fitar da faifan yadda ya tsara shi tun asali. An sake shi daga kurkuku a watan Afrilu na 1986, ya ci gaba da kiɗa da ƙungiyarsa, Egypt 80.

6.0 Sukar da Aka Yi Masa

Tarihi bai wanke Fela tas ba. Ikon da ya hana kamfanoni su yi a kansa, shi ya yi shi a kan makaɗansa. Bayan wasan da suka yi a bikin kiɗan jaz na birnin Balin a 1978, yawancin 'yan Africa 70 sun rabu da shi saboda ƙorafin rashin biyansu haƙƙinsu, a daidai lokacin da yake shirin kashe kuɗi a harkar siyasa. Tony Allen, wanda da shi aka gina Afrobeat, shi ma ya kama gabansa. Jam'iyyar da Fela ya kafa ba ta samu rajista ba a zaɓen 1979. Haka kuma an soki ra'ayinsa game da mata, da auren mata 27 da ya yi a rana ɗaya a 1978, da shan tabar wiwi a fili. Ana iya cewa ya kare mutuncin kiɗansa fiye da yadda ya kare haƙƙin waɗanda suka taya shi yin kiɗan.

7.0 Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Faifan Underground System na 1992 shi ne sabon faifai na ƙarshe da ya fitar yana raye. Ya rasu a Legas ranar 2 ga Agusta, 1997, yana da shekara 58. Yayansa Olikoye, tsohon ministan lafiya, ya sanar da duniya cewa cutar ƙanjamau ce ta yi ajalinsa, sanarwar da ta taimaka wajen sa 'yan Nijeriya su yarda cutar gaskiya ce. Ɗimbin jama'a suka raka gawarsa daga dandalin Tafawa Ɓalewa zuwa gidansa na Ikeja, inda aka binne shi. An mayar da gidan wurin adana kayan tarihi a 2012.

Ya bar faifai kimanin 50. 'Ya'yansa Femi da Seun sun ci gaba da kiɗan, ana kuma gudanar da bikin tunawa da shi duk shekara a watan Oktoba. A 2009 aka fara nuna wasan kwaikwayo na rayuwarsa a dandalin Broadway da ke Niyok, a ƙasar da ya baro hannu rabbana shekara 39 kafin nan.

8.0 Kammalawa

Rayuwar Fela ta nuna cewa wanda ke riƙe da ikon tsara faifai shi ke riƙe da ma'anar waƙa. Lokacin da yake bin abin da ke tashe, bai samu suna ba, bai kuma samu kuɗi ba. Da ya tsaya a kan salon kansa, ya rasa gida da mahaifiya da 'yanci da manyan yarjejeniyoyi, amma aikinsa ya rayu bayansa. Wannan darasi ya shafi matasan da ke tsara kiɗa a situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos, inda buƙatar mai biyan kuɗi kan yi karo da abin da basira take so. Ya kuma nuna cewa mutuncin sana'a bai cika ba sai an haɗa da biyan haƙƙin abokan aiki.

Tambayoyi

1. Bayyana aikin furodusa, sannan ka kwatanta matsayinsa da na ubangida a waƙar baka ta Hausa.
2. Wane tasiri tafiyar Amurka ta 1969 ta yi a kan kiɗan Fela?
3. Kawo dokoki uku da Fela ya kafa wa kansa, ka nuna yadda kowace ta saɓa wa kasuwar faifai.
4. Tattauna abin da ya faru da faifan Army Arrangement. Wa ya fi cancanta ya yanke hukunci kan sautin faifai, mai waƙa ko mai zuba jari?